Kafin ka ɗora wa tsohuwar Fijo 504 babban injin

Malam, kar ka fara da injin, fara da bodi. 504 salun ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da komai. Ka shiga ƙarƙashinta da sukudireba ka rinƙa sokawa ƙasan ƙofofi da mazaunin shokozoba, duk inda ya huje a yanke a sa sabon ƙarfe, ban da faci.

Batir da tankin mai a fidda su tukuna fa! Sai mai walda shi bi mahaɗar bodi yana ɗinke inci 1 yana tsallake 2, in ya ja layi guda zafi zai murɗe ƙarfen, ƙofa ta ƙi rufuwa, na ga haka da idona nan Sakkwato. Sannan a haɗa kawunan shokozoban gaba da fayif mai kauri.