Darasi na 6: Jinyar Tsoho Mai Cutar Mantuwa

Abin da muke ce wa gigin tsufa ba tsufan ne kawai ke kawo shi ba, ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali, kuma ba maita ba ce, ba aljanu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nau'in da ake kira Alzheimer ne.

To ke mai taimaka wa nas, ko a asibiti kike ko gida aka ɗauke ki jinya, babban aikinki shi ne kar ki ƙwace wa tsohuwa abin da hannunta zai iya. Wallahi nan ne da yawa ke kuskure, saboda tausayi ko don sauri sai a yi mata komai, a ba ta a baki, a sa mata riga, kafin a ankara hannun ya saki ƙafa ta ƙi tafiya. In za ta iya riƙe ludayin kunu bar ta ta riƙe ko da zai zube, in hannun na rawa ki sa naki a ƙarƙashin nata ku kai bakin tare. Alwala ma haka, miƙa mata buta ki tsaya kusa, sau tari jiki na tuna abin da kai ya manta.

Ki zo mata ta gaba, ki durƙusa ki gaishe ta, ki faɗi sunanki ko da ɗazu kin faɗa. Magana ɗaya a lokaci ɗaya: "Hajiya, kunu ko shayi?" In ta ce za ta tafi gidan babanta da ya rasu tuntuni, don Allah kar ki ce ai ya mutu, sabon makoki za ki ɗora mata. Ce mata "Hajiya ba ni labarinsa mana", ku ɗan taka a tsakar gida.

Daga la'asar zuwa magariba ruɗewar kan ƙaru, sai ki kunna fitila da wuri a rage hayaniya. Bayan cin abinci ta zauna a miƙe kamar minti 30 saboda ƙwarewa, wadda ba ta iya tashi kuwa a juya ta duk bayan awa 2 don kar kwanciya ta yi mata gyambo.

Amma in ruɗewar ta tashi farat ɗaya, jiya lafiya yau ba ta gane kowa ko tana ta barci, kar ki jira, sanar da nas ko likita nan take, don zazzaɓi, ciwon fitsari ko ƙarancin ruwa a jiki duk suna jawo haka kuma ana maganinsu.