Idan Kunne Ya Toshe Yana Ciwo

Da farko, ajiye tsinken auduga, ashana da gashin kaza. Cusa dattin suke yi can ciki, suna ma iya fasa dodon kunne.

Sai ka duba. Idan toshewa ce kawai, kana jin magana kamar daga cikin rijiya, kwanta ta gefe, a ɗiga maka ɗigo 2 ko 3 na man zaitun, ka tsaya haka minti 5. Maimaita safe da yamma, kwana 3 zuwa 5.

Amma idan mugunya na fita, ko akwai zazzaɓi, jiri ko kumburi a bayan kunne, don Allah kada a ɗiga komai. Sha farasitamol, ka nufi asibiti ranar, musamman in yaro ne.