Abin da ya dace ka sa a bayan allon karatu idan za ka zana shi

Allon da na fi zanawa na kakana ne, na itacen aduwa, ya sha wanki har ya koma ruwan zuma. Karon farko sai na jingina shi da jan bangon zaurenmu a Unguwar Jahun, ina ganin ai nan ne mazauninsa. Da fenti ya bushe, allo ya nutse cikin bango, launinsu ya zo ɗaya. Kwana huɗu na aikin banza.

To ka fara da duban launin abin da za ka zana. Allo, gafaka ta jar fata, carbin katako, duk jaja-jaja ne ko ruwan ƙasa. Irin waɗannan duhu mai shuɗi-shuɗi ne yake fito da su. Ni yadi biyu na shuɗi mai duhu na saya a Kasuwar Wunti, marar fure ko ɗaya, na rataya a bayan allon. Kada ka yi sha'awar atamfa, kada kuma ka rataya darduma mai hoton masallaci, don ido zai bar allon ya tafi kallon ado. Zurbarán, mai zanen nan ɗan ƙasar Sifen da ya rasu a 1664, duhu zalla yake sa wa bayan kayansa, shi ya sa ko kofi ya zana sai ka ji ya yi kwarjini.

Wajen haɗa fentin, kada ka matso baƙi kai tsaye, yana kashe zane. Gauraya shuɗi da ruwan ƙasa mai duhu, ka ɗan sassauta shi ta gefen da allon yake da inuwa, ka ƙara masa duhu ta gefen da haske ya bugi allon. Da haka bakin allon yake fita ko ba ka ja masa layi ba.

Haske kuwa taga ɗaya ta isa. Ka janye allon kamar kamu biyu daga yadin don inuwarsa ta yi laushi. Kafin ka ɗauki buroshi, ɗauki hoto da waya ka mayar da shi fari da baƙi. In allo da bayansa sun haɗe a hoton, sake yadi.

Allon zayyana na sauka ya riga ya cika da ja da kore da ɗorawa, toka-toka kawai yake so. Butar ƙarfe ita ce ke son jan bangon nan da ya ci amanata.

Ƙasa kuma, ban taɓa zana allo kwance a daɓe ba. Buzu nake shimfiɗawa a kan ɗan benci, in sa kurtun tawada da alƙalami a gefe. Ayoyi ma ba na rubuta su, allon da aka wanke nake zanawa da sauran dishi-dishin tawada, domin in zane ya bar hannuna ban san ɗakin da za a rataye shi ba.