Kurakuran da aka fi yi wajen bitar wasan darar chess

Na gaji da ganin 'yan wasa masu makin Elo (ma'aunin ƙarfin ɗan wasa) 1500 ko 1700 suna tashi daga kan allo, tun gumi bai bushe ba su ɗora wasan a Lichess, shafin buga chess na intanet, su kunna Stockfish, manhajar da ke auna kowane taku, su zuba wa lambobi ido suna hawa suna sauka, sannan su ce sun yi bita. Stockfish zai nuna maka cewa a taku na 23 ka faɗo daga +1.5 zuwa -2, wato kana gaba ka koma baya, amma ba zai faɗa maka abin da ke ranka lokacin da ka kai hannu kan dokin ba, alhali can ciwon yake.

Wannan ɗabi'a ta ci mini shekara biyu cur. Akwai wasan da na zubar da doki a taku na 34, na ɗora laifin duka a kan wannan takun, na rufe littafi. Sai da na sake jera wasan a kan allon katako, ni kaɗai, na gane cewa tun a taku na 15 na tura sojan da ke gaban sarkina ba tare da dalili ba, daga nan na koma kare kai har agogo ya cinye ni. Wanda ya tsaya a kan kuskuren ƙarshe ya bar jaki yana dukan taiki, kuma zai sake faɗawa ramin a gasa ta gaba. Yanzu ba na buɗe kwamfuta sai na rubuta da hannuna wurare uku da na yi dogon tunani, da takun da na so yi na fasa, da dalilin fasawar.

Ku da ba ku bitar wasa sai wanda kuka sha kashi, ku ji tsoron nasararku. Tsakanin masu irin wannan maki, sau da yawa wanda ya ci shi ne wanda abokin karawarsa ya yi kuskure bayan nasa.

Ka riƙa rubuta mintunan da suka rage maka a gefen takardar wasa, domin takun da aka yi cikin daƙiƙa goma ba a auna shi da ma'aunin na minti ashirin. Kada ka ƙarar da daren a kan haddar buɗin wasa, wato jerin takun farko. Idan abokin karawarka ya yarda ku zauna bayan an tashi, ka zauna, ka tambaye shi wane takunka ya fi ba shi tsoro.