Yadda na magance hayaƙin murhun itace a damina

Tun da ruwan Yuni ya kankama a Agege, murhunmu ya riƙa turnuƙe ɗakin girki da hayaƙi. Na share bututun hayaƙin, na ƙara fifita, amma babu abin da ya sauya. Ashe itacen ne ya sha laima daga ƙasa. Sai na faskara shi, kaurin kowane guntu bai wuce tsintsiyar hannu ba, na jera a kan bulo ƙarƙashin rumfar kwano, na bar gefuna a buɗe domin iska ta ratsa, wanda a ganina shi ne ginshiƙin gyaran. Sannan na kwashe tokar da ta toshe ƙofar iska, kuma kullum ina jingine itacen gobe ɗan nesa da murhu ya sha ɗumi. Alhamdu lillahi, yanzu wutar tana ci sosai.