Ƙamshin bawon lemu a falo, ba sai an sayi turare mai tsada ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata 'yar uwa daga Gusau ta tambayi irin ƙamshin nan da ake ji a manyan otal-otal, ta wajen da ake haɗa abin sha kala-kala. To, Hajiya, kwantar da hankalinki, ana samun irinsa daga bawon lemu, na'a-na'a, kirfa da kanumfari, kuma babu ruwansu da giya. Duk za ki same su a kasuwa.

Sirrin yana cikin bawon. Man ƙamshin a fatar waje mai launi yake zaune, shi ya sa masu haɗa abin sha suke murɗa ɓallin bawo a bakin kofi har man ya fesu. Ki fere lemun zaƙi ko na tsami siriri da wuƙa mai kaifi, ki bar farin ɓangaren nan na cikin bawon, ɗaci kawai gare shi. Ki zuba a ƙaramar tukunya da ruwa, ki jefa kirfa ɗaya, kanumfari biyar, da ɗan citta, ki rage wuta ya riƙa turiri a hankali. Kada ki cika kanumfari, yana danne sauran.

In kin fi son kasko, ki shanya bawon a inuwa (da hunturu nan da nan yake bushewa), ki ɗora kan garwashin da toka ta rufe. Jan garwashi ƙauri zai ba ki.

Na'a-na'a kuwa ba ta son wuta. Mari ɗaya a tafin hannu, ki saka ta a kofin ruwa kusa da taga. Gidan da ke da mai asma, a tsaya ga tukunyar, a bar hayaƙin.