Darasi na Bakwai: Wa Ke Riƙe da Ɗakin Shan Maganin Garinku?

A shekarar 1991 Sudan ta koma tsarin tarayya, a 1994 kuma aka raba ƙasar zuwa wilayoyi, wato jihohi, 26. Bayan rabuwar Kudu a 2011 da gyare-gyaren da suka biyo baya, yanzu wilayoyin 18 ne. A ƙarƙashin wannan tsarin tarayya aikin kiwon lafiya ya kasu hawa uku. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ita ke tsara manufofi da hulɗa da ƙungiyoyin duniya, ma'aikatar wilaya na kula da manyan asibitocin yankinta, ita kuwa mahalliya, wato ƙaramar hukuma, dokar ƙananan hukumomi ta 2003 ta ɗora mata kiwon lafiya matakin farko: rigakafin yara, awon ciki, aikin ungozoma, tsaftar kasuwa da yaƙi da sauro.

Dalilin wannan rabo mai kyau ne, domin cutar kowane yanki daban take. Manomin Jazira da ke yini cikin ruwan magudanan rani yana fama da tsargiya da zazzaɓin cizon sauro, alhali a Gadarif cutar kala'azar, mai kawo doguwar zazzaɓi da kumburin saifa, ce ke galabaitar da yara, kuma jami'in da ke zaune cikin jama'a ya fi wanda ke ofis a Khartum sanin wannan.

Sai dai an sauko da aiki, kuɗi bai biyo shi yadda ya kamata ba. Mahalliya tana dogara da harajin da ta tara da abin da wilaya ta aiko mata, saboda haka wadda ke da babbar kasuwa tana iya gyara asibitinta, wadda ba ta da ita kuwa sai ta bar majinyaci ya sayi komai da kansa, har allura da auduga. Likitoci kuma sun fi son birni, shi ya sa a ƙauyuka da dama mataimakin likita da ungozoma ne kaɗai ke riƙe da wurin. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara tona wannan rauni, domin manyan asibitoci da babban rumbun magunguna a Khartum aka tara su, ma'aikatar tarayya ma sai da ta koma Port Sudan.

Abin da ya shafe ku, 'yan aji, shi ne ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. A ce firjin ajiye allurar rigakafi ya lalace a wani ƙauye kusa da Maiwurno. Kai kuka Sinja, hedkwatar wilayar Sinnar, tun farko ɓata kuɗin mota ne, domin can ma za a mayar da ku mahalliya. Ku fara da shugaban ɗakin shan maganin, sannan kwamitin gari ya rubuta wa jami'in lafiya na mahalliya takarda mai kwanan wata, da sa hannun dattawa da na mata, tunda su ne ke kai yara rigakafi. Ku ajiye kwafi ɗaya a hannunku, saboda maganar baki ana iya musunta ta. Idan an yi shiru, sai ku haɗa da wannan kwafin ku nufi wilaya.

Aikin gida: kowa ya rubuta sunan mahalliyarsu da na wilayarsu, sannan ya rubuta takarda ta layi biyar zuwa ga jami'in lafiya a kan abu ɗaya da ɗakin shan maganin garinsu ya rasa. Za a karanta su a aji mai zuwa.